Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Jami'ar Notre Dame ta Amurka

A ranakun Asabar na kakar wasa, mutum sama da 77,000 kan cika wani fili a arewacin jihar Indiana don kallon ɗaliban jami'a suna wasa, wasu miliyoyi kuma suna gida gaban talabijin. Ɗaliban nan na Jami'ar Notre Dame ne. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin tarihin ƙungiyar zai fi yi.

Wane irin ƙwallo ake magana a kai?

Ƙwallon Amurka ne, ɗan'uwan zari-ruga, wanda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna shadda da shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta cika, a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya ratsa tsakanin sanduna ya samu 3. A agogo minti 60 ne wasan, amma saboda tsaye-tsaye yakan ci sama da awa uku.

A jami'o'i wasan ya girma, tun daga karawar Rutgers da Princeton a 1869. Gasar ƙwararru ta NFL sai a 1920 aka kafa ta. Shi ya sa a garuruwa da yawa na Amurka ƙungiyar jami'a ta fi ta ƙwararru farin jini.

Ina Notre Dame take, wa ya kafa ta?

Tana gefen garin South Bend, kusan kilomita 150 gabas da Chicago. Wani limamin cocin Katolika ɗan Faransa, Fada Edward Sorin, shi ya kafa ta a 1842 yana da shekara 28. Sunan Faransanci ne, kuma Maryam mahaifiyar Annabi Isa ake nufi da shi. Maza zalla ta riƙa ɗauka har 1972.

Yaushe suka fara buga wasan?

Ranar 23 ga Nuwamba, 1887. 'Yan wasan Jami'ar Michigan ne suka zo South Bend, suka fara koya wa ɗaliban Notre Dame dokokin wasan, sannan aka kara, malaman suka doke almajiransu da ci 8 da nema. Nasarar farko ta zo a 1888, a kan wata makarantar share fage ta Chicago.

To ta yaya ƙaramar makarantar coci ta zama ƙungiyar da duk ƙasar ta sani?

Nan ne gishirin labarin, kuma amsar a taƙaice ita ce maƙwabtanta ne suka ƙi ta.

A 1909 Notre Dame ta je har gidan Michigan ta ci ta 11 da 3. Kocin Michigan, Fielding Yost, bai ji daɗin abin ba. Aka soke wasan shekara mai zuwa bisa zargin cewa Notre Dame na sa 'yan wasan da ba su cancanta ba, kuma ƙungiyoyin biyu ba su sake haɗuwa ba sai 1942. Manyan jami'o'in yankin suna da gamayyarsu, wadda yau ake kira Big Ten. Notre Dame ta nemi shiga fiye da sau ɗaya, har da 1926, ana rufe mata ƙofa. Dalilan da ake bayarwa a fili su ne na ƙa'idar karatu da cancantar 'yan wasa, kuma ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin a farkon ƙarnin ƙa'idojin Notre Dame sun yi sako-sako. Amma ƙyamar 'yan Katolika ma tana ciki tsamo-tsamo. Amurkar wancan zamani ƙasar Furotesta ce, 'yan Katolika kuwa yawancinsu baƙi ne da suka yi ƙaura daga Ailan da Italiya da Polan, 'yan aikin ƙarfi a masana'antu da ma'adinai, ana yi musu kallon 'yan ci-rani marasa asali. A watan Mayun 1924 ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda ta tsani baƙar fata da Yahudawa da 'yan Katolika, ta shirya gangami a cikin South Bend, ɗaliban Notre Dame suka fito aka yi dauki ba daɗi a kan tituna.

Da yake maƙwabta sun ƙi wasa da ita, dole ta shiga jirgin ƙasa ta nemi abokan karawa a nesa: New York, Texas, Nebraska, Georgia, daga baya har Los Angeles. Duk birnin da suka sauka, akwai dubban 'yan Katolika da ba su taɓa taka jami'a ba, amma suna ganin yaran nan nasu ne. A New York har suna aka sa musu, ana ce musu tsofaffin ɗaliban jirgin ƙarƙashin ƙasa, domin jirgin suke cikawa su je kallo alhali ba su taɓa ganin Indiana ba. Da a ce Big Ten ta karɓe ta a 1926, a ganina da yau Notre Dame ƙungiyar yanki ce kamar ta jami'o'in Purdue ko Indiana. Korar da aka yi mata ce ta zama gobarar Titi.

Me ya faru a wasan 1913 da ake yawan ambata?

Ranar 1 ga Nuwamba, 1913, Notre Dame ta je West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa, wadda ƙungiyarta ke cikin manya. A lokacin wasan na ƙarfi ne, a rungume ƙwallo a yi ta ture-ture. An halatta jefa ƙwallo gaba tun 1906, amma ƙungiyoyi ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, sai in an rasa yadda za a yi. Ɗalibai biyu na Notre Dame, Gus Dorais da Knute Rockne, sun yi hutun bazarar shekarar suna aiki a wani wurin shaƙatawa na bakin tafki a Ohio, suna atisayen jifa da cafewa a kan rairayi. A West Point Dorais ya riƙa jefawa, Rockne da sauran suna cafewa a guje, sojoji suka rasa inda za su tare. Aka tashi 35 da 13.

Sau da yawa za ka ji an ce a ranar aka ƙirƙiro jefa ƙwallo gaba. Ba haka ba ne, wasu sun riga su. Abin da ya bambanta shi ne sun yi shi a gaban 'yan jaridar New York.

Wane ne Knute Rockne?

Shi ne mutumin da ya gina sunan. An haife shi a garin Voss na ƙasar Norwe a 1888, iyayensa suka kawo shi Chicago yana ɗan shekara biyar. Ya yi aikin gidan waya na shekara huɗu yana tara kuɗin makaranta, ya shiga Notre Dame yana da shekara 22, ya yi fice a ilmin sinadarai. Lokacin ma ba ɗan Katolika ba ne, sai a 1925 ya shiga cocin.

Ya zama babban koci a 1918. Cikin kaka 13 ya ci wasa 105, ya faɗi 12, ya yi canjaras 5, ya kuma ɗauki kambun ƙasa a 1924 da 1929 da 1930. A fili ya fi son sauri da dabara a kan girman jiki. 'Yan wasansa na baya kan sauya wuri gaba ɗaya daf da fara wasa, su rikita abokan karawa, har sai da masu doka suka tilasta a riƙa tsayawa cak kafin a taɓa ƙwallo. A wajen fili kuwa ɗan kasuwa ne. Ya san 'yan jarida, ya bar gidajen rediyo su watsa wasanninsa, shi ya fara karawar shekara-shekara da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1926, wadda ta tara mutum sama da 100,000 a Chicago. Shi ya matsa aka gina filin wasan da ake amfani da shi har yanzu, aka buɗe a 1930.

Kaka ɗaya kawai ya yi a cikinsa. Ranar 31 ga Maris, 1931, jirgin saman da ya hau zuwa Los Angeles ya faɗi a jihar Kansas, dukan mutum takwas da ke ciki suka mutu. Yana da shekara 43. Fukafukin jirgin na katako ne, kuma hayaniyar da mutuwarsa ta tayar na cikin abin da ya sa kamfanonin jiragen Amurka suka koma jirage na ƙarfe.

Su wane ne Mahaya Huɗu? Labarin George Gipp kuma gaskiya ne?

Mahaya Huɗu 'yan wasan baya ne na 1924: Harry Stuhldreher, Don Miller, Jim Crowley da Elmer Layden. Bayan sun ci West Point 13 da 7 a New York, ɗan jarida Grantland Rice ya kwatanta su da mahayan dawakin halaka huɗu da ke cikin littafin Ru'uya ta Yohanna na Baibul. Da suka koma gida, wani ɗalibi mai yi wa Rockne aikin yaɗa labarai ya nemo dawaki huɗu ya ɗora su a kai aka ɗauki hoto, hoton ya zagaya jaridun ƙasar. Babu wanda ya kai kilo 80 a cikinsu. Yau da wuya a ɗauke su ko a ƙungiyar sakandare. A ƙarshen kakar sun ci Stanford 27 da 10 a wasan Rose Bowl.

Gipp kuwa shi ne gwarzon Rockne na farko, ya mutu a Disambar 1920 yana da shekara 25 bayan ciwon maƙogwaro ya zame masa ciwon huhu. Shekara takwas bayan haka, a karawa da West Point a 1928, kakar da ta fi kowace muni ga Rockne, ya gaya wa yaransa cewa Gipp ya bar wasiyya a gadon mutuwa: in wata rana abubuwa sun cakuɗe, a ce wa yara su ci wasa ɗaya dominsa. Suka fita suka ci 12 da 6. Babu wanda ya ji wasiyyar sai Rockne, kuma an san shi da ƙaga labari don tada tsimin 'yan wasa, don haka masana tarihi da yawa suna shakka. Ronald Reagan ya fito a matsayin Gipp a wani fim na 1940, laƙabin Gipp, wato Gipper, ya bi shi har fadar shugaban ƙasa.

Me ya sa ake ce musu Fighting Irish alhali Bafaranshe ne ya kafa makarantar?

Ma'anar sunan ita ce 'yan Ailan masu faɗa. Ɗalibai da limaman makarantar da yawa jikokin waɗanda yunwar 1840 da wani abu ta koro daga Ailan ne. Asali gori ne, domin ana yi wa 'yan Ailan kallon mashaya masu neman rigima. Makarantar ta karɓi gorin ta mai da shi kirari, shugabanta Fada Matthew Walsh ya amince da sunan a hukumance a 1927.

Kambun ƙasa nawa suke da shi?

Jami'ar na ƙirga 11: 1924, 1929, 1930, 1943, 1946, 1947, 1949, 1966, 1973, 1977 da 1988. An ce tana ƙirgawa ne saboda a mafi yawan tarihin wasan babu wasan ƙarshe da ke fitar da zakara. 'Yan jarida da kociyoyi ne ke jefa ƙuri'a; ta kamfanin dillancin labarai na AP ta fara a 1936. Shi ya sa shekara guda kan samu zakaru biyu, gardama kuma ba ta ƙarewa.

Misali 1966. Notre Dame ta ɗaya, Michigan State ta biyu, suka haɗu ranar 19 ga Nuwamba. Ana 10 da 10, saura kusan minti ɗaya, ƙwallo na hannun Notre Dame, sai koci Ara Parseghian ya zaɓi a cinye lokaci maimakon a yi kasadar jifa. Aka tashi kunnen doki. Mako mai zuwa suka lallasa Kudancin Kalifoniya 51 da nema, masu ƙuri'a suka ba su kambu. Alabama, wadda ta ci dukan wasanninta a shekarar, ta ƙare ta uku, kuma mutanen Alabama ba su yafe ba.

Kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a kuwa, mutum bakwai na Notre Dame sun ɗauka tsakanin 1943 da 1987. Wanda ya fi ban mamaki shi ne Paul Hornung a 1956, shekarar da ƙungiyar ta ci wasa biyu kacal ta faɗi takwas. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin sunan a wajen masu ƙuri'a.

Bayan Rockne, waɗanne kociyoyi ne suka yi fice?

Frank Leahy, tsohon yaron Rockne, ya ɗauki kambu huɗu. Daga 1946 zuwa 1949 ƙungiyarsa ta buga wasa 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, da taimakon 'yan wasan da suka dawo daga yaƙi manya ƙarti. Ya ajiye aiki bayan kakar 1953 saboda rashin lafiya.

Aka shiga shekarun fari. Shugaban jami'ar na lokacin, Fada Theodore Hesburgh, wanda ya riƙe ta daga 1952 zuwa 1987, ya fi damuwa a san Notre Dame da ilmi. Abin tunawa ɗaya a tsakani shi ne 1957, da suka ci Oklahoma 7 da nema suka katse mata jerin nasara 47. Parseghian ya zo a 1964 ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa biyu a kakar baya, ya ci tara a kakarsa ta farko. Kambunsa na biyu ya zo ne a daren ƙarshe na 1973, da suka ci Alabama 24 da 23.

Dan Devine ya ɗauki na 1977 da Joe Montana a matsayin mai jifa. A wasan Montana na ƙarshe, a Janairun 1979, yana fama da mura cikin tsananin sanyi a Dallas, aka kai shi ɗakin sauya kaya ana ba shi romon kaza. Ya dawo fili Houston na gaba 34 da 12, ya juya wasan suka ci 35 da 34. Lou Holtz ya kawo na ƙarshe a 1988, bayan sun ci Miami 31 da 30.

Me ya sa suke wasa da makarantar sojan ruwa kowace shekara, alhali kusan kullum su ke ci?

Biyan alheri ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu samari sun tafi fagen daga, makarantar maza zalla ta kusa zama kango, kuɗi ya yanke. Rundunar sojan ruwa ta mai da harabar wurin horar da hafsoshi, ta biya kuɗin da ya riƙe jami'ar. Tun daga nan Notre Dame ta ɗauki alkawarin cewa muddin sojan ruwa na son wasan, za a yi. An fara karawar a 1927, ba ta yanke ba sai a 2020 saboda annobar korona. Notre Dame ta ci sau 43 a jere daga 1964 zuwa 2006, kafin sojan ruwa su ci 46 da 44 a 2007. Sau uku an kai wasan Dublin, babban birnin Ailan: 1996, 2012 da 2023.

Har yanzu ba ta cikin gamayya?

A ƙwallon nan, tana zaman kanta. Dalilin da ya fi ƙarfi kuɗi ne. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta karya ikon da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke da shi a kan nuna wasanni a talabijin. A 1990 Notre Dame ta ƙulla yarjejeniya ita kaɗai da tashar NBC, ta kusan dala miliyan 38 na shekara biyar, aka fara nuna duk wasanninta na gida ga ƙasa baki ɗaya daga 1991. Sauran jami'o'i suka ce son kai ne, kuma suna da hujja, domin ta fice ne daga wata yarjejeniyar haɗin gwiwa. A 1999 Big Ten, wadda ta ƙi ta a 1926, ta zo da kanta tana zawarci, Notre Dame ta ce a kai kasuwa.

Sauran wasanninta, irin su ƙwallon kwando, yawancinsu suna cikin gamayyar ACC tun 2013, kuma a madadin haka ƙungiyar ƙwallon kan buga kusan wasa biyar da 'yan gamayyar kowace kaka. Kaka ɗaya tak ta taɓa bugawa a cikin gamayya, ta 2020.

Baƙar fata fa, da 'yan asalin Afirka?

Makarantar da ta sha wariya ita ma ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba. Sai a 1953 baƙar fata na farko, Wayne Edmonds, ya samu lambar ƙungiyar. Alan Page, wanda ke cikin zakarun 1966, ya zama gwarzon NFL a 1971, daga baya ya yi shekara 22 yana alƙali a Kotun Ƙolin jihar Minnesota. Tyrone Willingham ne baƙar fata na farko da ya zama babban koci, a 2002, aka sallame shi bayan kaka uku, abin da ya jawo wa jami'ar suka mai yawa.

Romeo Okwara da ƙanensa Julian, waɗanda suka taso a Legas, duk sun buga wa Notre Dame, kuma sun haɗu a ƙungiyar Detroit Lions ta NFL. Jeremiah Owusu-Koramoah, mai asali da Gana, ya ɗauki kyautar Butkus ta gwarzon mai tsaron tsakiya a 2020.

Me ya hana su kambu tun 1988?

Magoya baya sukan ce ƙa'idar karatu ce, wato Notre Dame ba ta ɗaukar yaron da ba zai iya aji ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba. Yanzu kowace babbar ƙungiya ana nuna ta a talabijin, don haka fifikon NBC ya ragu. Zaratan 'yan wasa sun fi fitowa daga kudu, Florida da Texas da Georgia, kuma ba kowane yaro ne zai bar ɗumi ya tafi dusar ƙanƙarar Indiana ba. Sannan an yi kuskuren zaɓen koci fiye da sau ɗaya.

Sun kusa. A 1993 suka ci Florida State mai matsayi na ɗaya, mako mai zuwa Boston College ta ci su 41 da 39. Brian Kelly ya kai su wasan ƙarshe a Janairun 2013, Alabama ta yi musu dukan kawo wuƙa, 42 da 14, daga baya NCAA ta soke nasarori 21 na 2012 da 2013 saboda maguɗin aikin aji da ya shafi wasu 'yan wasa. Kelly ya tafi LSU, Jami'ar Jihar Louisiana, a 2021, Marcus Freeman ya gaje shi. A kakar 2024 Northern Illinois, ƙungiyar da aka gayyato don a ci, ta doke su 16 da 14 a gida. Daga nan suka ci wasa 13 a jere, har da Georgia da Penn State, kafin Ohio State, inda Freeman ya yi karatu ya kuma yi wasa, ta ci su 34 da 23 a wasan ƙarshe ranar 20 ga Janairu, 2025.

Ana biyan 'yan wasan?

Shekara da shekaru ladansu karatu ne kyauta da abinci da wurin kwana, jami'o'i da kociyoyi suna kwasar miliyoyi. Daga Yulin 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, kuma daga 2025 jami'o'i na iya biyansu kai tsaye.

Da gaske akwai zinariya a hular kwanonsu?

Akwai. Babban ginin jami'ar yana da ƙubba da aka lulluɓe da zinariya, aka gina shi bayan gobarar 1879. Duk lokacin da aka sabunta lulluɓin, akan tara ɓurɓushin tsohuwar zinariyar, a zuba a fentin hulunan. Shekaru da yawa ɗalibai masu kula da kayan ƙungiyar ne ke fesa fentin da hannunsu kafin kowane wasa, har 2011 da aka miƙa aikin ga kamfani.